Tsohuwa Ya Ɗauki Mota

Na taɓa fitowa a fim ɗin Turawa, kuma ba na son a tuna mini. Fitowar ba ta fi ƙiftawar ido uku ba, amma har yau in na haɗu da wani tsohon ɗan Landan a wurin biki ko suna, sai ya kama dariya ya ce ga jarumi nan. Nakan taya shi dariyar don kada a ce na cika zafin kai, alhali raina ba daɗi.

A ƙarshen shekarun 1980 aka yi abin. Ina karatun harshe a wata kwaleji da ke Bloomsbury a birnin Landan, kuma sau biyu a mako akan haɗa ni da Turawa masu koyon Hausa in yi hira da su in gyara musu baki. Wannan ɗan aikin shi ya kumbura mini kai. Ni Bakano ne, haihuwar cikin birni, kuma a lokacin gani nake Hausa gadon gidanmu ce, sauran jama'a aro muka ba su. Kullum da jan biro a aljihuna na gaba. Ko wasiƙar ƙanena ce ta zo daga gida, sai na gama ja masa layi a ƙarƙashin kurakuransa sannan in duba ko mutanen gida suna lafiya.

Ranar Asabar nakan hau bas in tafi Deptford cefane, don a can ake samun kayan miyarmu. A can na san Baba. Dattijo ne ɗan zangon Kumasi, ya haura hamsin, yana da rumfa a kasuwar titi inda yake sayar da doya da manja da busasshen kifi da garin rogo. Ranar farko ina ta fama da ciniki da Turanci, ya dubi hulata ya tambaye ni ko ni Bahaushe ne. Da na amsa, ya bar rumfar a hannun maƙwabcinsa ya ja ni har gidansu, matarsa ta zubo mini shinkafa da wake irin tasu ta zango, mai ja, da wani baƙin yaji da ya sa na yi hawaye. Tun daga ranar na zama ɗan gida. Shi ya nuna mini mahaucin da ke yanka na halal. Shi ya dubi rigar sanyin da na zo da ita daga Kano ya ce wannan ko kaza ba za ta ɗumama ba, ya ɗauko tasa tsohuwa ya ba ni. Na yi sa'an ɗansa, amma bai taɓa kirana da wani abu ba sai Malam, wai don ina koyarwa a jami'a.

Abu ɗaya ne yake sosa mini kunne, Hausarsa. Mutanen zango ba ruwansu da mace ko namiji a magana, kowa “ya” ne. Sai ka ji Baba ya ce, “Mata na ya dafa abinci,” ko “Yarinya na ya tafi makaranta.” Duk sanda ya faɗa sai in ji hannuna yana neman aljihun gaba. A gabansa ban taɓa cewa komai ba, don in baki ya ci ido kan ji kunya. Amma in na koma ɗakin kwanan ɗalibai, nakan kwaikwayi maganarsa ga abokaina 'yan Najeriya mu yi ta ƙyaƙyatawa, ina sanye da rigar da ya ba ni.

Yarinyar da yake faɗa 'yar autarsa ce, shekararta goma sha ɗaya, a Landan aka haife ta. Tana jin duk abin da aka faɗa da Hausa, amma da Turanci take mayarwa. Wata rana Baba yana ɗaure mini doya ya ba ni labarin cewa ta roƙe shi ya daina yi mata Hausa a ƙofar makaranta, wai yara suna yi mata dariya. Yana faɗa yana murmushi, amma na ga abin ya ci masa rai ƙwarai.

Ana nan sai 'yan fim suka zo suka kama titin kasuwar na kwana uku. Fim ne na ban dariya irin na jaruman nan masu tashi sama. Jarumin mai wanke tagogi ne wanda ya wayi gari yana iya tashi, ga shi kuma yana tsoron bisa, don haka in ya tashi sai ya rufe ido, ya yi ta karo da bene da allon talla. Mugun cikin labarin so yake ya sace duk ganyen shayin da ke Ingila, wanda in ka san Turawa ka san wannan ya fi juyin mulki. Ashe a gidansu mai ƙarfin gaske ita ce kakar jarumin, tsohuwa mai 'yar jaka da sanda, kuma a kasuwarmu ne za ta fara nuna kanta, ta ɗaga motar kaya da hannu ɗaya ta jefi yaran mugun da ita.

An ce 'yan kasuwa su zauna a rumfunansu su cika fage. Daraktan yana zagayawa ya ji Baba yana kiran masu saye da muryar nan tasa mai cika titi, sai ya tsaya ya ce ga wanda yake nema. Aka gaya masa in tsohuwa ta ɗaga mota, kyamara za ta zo kan fuskarsa, ya faɗi duk abin da ya zo bakinsa da harshensu. Baba ya kwana biyu yana shirya jimla ɗaya. Ya bugo mini waya a ɗakin kwana ya ce lallai in zo, in sa hular kirki.

“Malam, ka gane abin da nake so?” in ji shi. “Yarinya na zai zauna cikin sinima, Turawa sun cika wurin, ya ji Hausa a bakin baban shi. Daga ran nan ba zai ji kunya na ba kuma.”

Na ce Allah ya sa. Har ga Allah na taya shi murna a wannan lokacin.

Ranar da za a ɗauki nasa na isa da hantsi na tarar an mayar da titin wani abu dabam. Wayoyi ko'ina a ƙasa, fitilu da rana tsaka, ga wata doguwar motar ƙugiya ta rataye motar kayan da za a ɗaga, wadda ashe katako ce da kwali aka shafa wa fenti. Jarumin da kansa ɗan gajere ne, an cusa masa soso a ƙirji da damatsa cikin wata matsattsiyar riga ruwan ɗorawa, yana zaune a kujera an lulluɓe shi da bargo yana ta atishawa. Shi ma a gaske tsoron bisa yake yi, ko tsani ba ya hawa. Wani saurayi mai irin tsayinsa ake ɗaura wa igiya a yi sama da shi a buga da allo, in an sauko da shi ya koma gefe yana murza kafaɗa, ba mai kula shi sai Baba da ke ajiye masa soyayyen kifi a takarda. Mugun kuwa dogo ne mai sanyin murya, yana zaune a kan akwati yana saƙa wa jikarsa safa, kowa ya wuce sai ya gaishe shi. Tsohuwar ita ta fi kowa rai. Ta haura saba'in, ta daɗe tana wasan dandali, kuma cikin kwana biyu ta mayar da rumfar Baba wurin hutunta, har ta iya cewa “sannu da aiki”, tana faɗa wa kowa har da ɗan sanda.

Baba ya yi ta zagayawa da ni yana gabatar da ni kamar wanda ɗansa ya dawo daga Makka. Ya kai ni gaban wata budurwa mai riƙe da allon takardu, mataimakiyar darakta, ya ce mata ga malaminsu, shi ke koya wa Turawa Hausa a jami'a. Ta ce madalla, ta rubuta wani abu, ta wuce.

Da azahar ta gabato aka zo kan nasa. Tsohuwa ta sa tafin hannu a ƙarƙashin mota, ƙugiya ta ja, kyamara ta juyo. Baba ya saki doyar da ke hannunsa, ya dafe kai, ya buɗe murya:

“Kai jama'a! Tsohuwa ya ɗauki mota!”

Kowa ya fashe da dariya, har mai riƙe da kyamara. Aka sake ɗauka, ya ƙara yi, ya ma fi na farko kyau. Fuskarsa kaɗai ta isa labari. Ni kuwa ina gefe, kalma ɗaya tak na ji a cikin duk abin.

Ana gyara fitilu don ɗauka ta uku sai budurwar nan ta matso kusa da ni ta tambaye ni da Turanci ko abin da ya faɗa daidai ne. Daga baya, da daɗewa, na gane abin da take nufi. So take ta tabbata ba zagi ba ne, ba kuma wata maganar banza da za ta jawo musu wasiƙun ƙorafi. Amsar da take nema ita ce e, ba komai. Amma ni an tambaye ni ko Hausa daidai ce, a gaban jama'a, ina sanye da hular kirki. Na gyara tsayuwa na ce mata a gaskiya ba daidai ba ne. Na yi mata bayanin cewa tsohuwa mace ce, “ta” ake cewa, ba “ya” ba, kuma duk Bahaushen asali da ya ji wannan zai yi dariya, don Hausar 'yan ci-rani ce. Har na ƙara da cewa “ɗaga” ya fi “ɗauka” dacewa a nan. Ba wanda ya tambaye ni wannan.

Ta tafi wurin darakta da sauri. Shi kuma rana na neman ɓuya masa a bayan gajimare, ba shi da lokacin darasi. Ya dube ni daga nesa, ya dubi hulata, ya ce to mai daidai ɗin ya zo ya faɗa.

A nan ne zan iya cewa a'a, kuma wannan wurin ne ya fi damuna in na tuna. Kuskuren farko sai in ce suɓutar baki ne. Na biyun da idona buɗe na yi shi. Da na ce a bar Baba ya sake faɗa, ko in ce wasa nake yi, da shi ke nan. Amma na ga kyamara, na hango abokaina a Bloomsbury da mutanen gida a Kano suna kallona a majigi, sai ƙafata ta tafi da kanta. Tsohuwar ce kaɗai ta yi magana. Hannunta na ƙarƙashin motar kwali ta tambaya me ya samu na mutumin farko, ita kam ya ba ta dariya. Aka ce mata matsalar nahawu ce. Ta dube ni ta saman tabarau.

Budurwar ta yi wa Baba bayani a kunne. Na ga ya gyaɗa kai sau biyu. Ya kwance ƙyallen da yake ɗaurawa a gaba in yana aiki, ya zo ya ɗaura mini da hannunsa, ya miƙo mini doya, ya kama kafaɗata ya matsar da ni kaɗan.

“Tsaya nan, Malam. Nan haske ya fi kyau.”

Na faɗi tawa da “ta” da “ɗaga” da komai a wurinsa. Sau biyar ana sakewa don fuskata ta ƙi motsi. Baba kuma aka ba shi kwali ya riƙe ya tsaya a bayana.

Fim bai fito ba sai bayan kusan shekara. Cikin wannan lokacin na rage zuwa Deptford, na ce karatu ne ya yi yawa. Baba bai taɓa tayar da maganar ba, kuma na fahimci bai gaya wa iyalinsa abin da ya faru ba. Ina jin ya sa rai ne cewa tunda an ɗauke shi sau biyu kafin ni, kuma nasa aka yi wa dariya, watakila nasa za a sa. Ni ma na yi ta addu'ar haka, ko da yake addu'ar mai laifi ce. Da fim ya fito ya bugo mini ya ce, “Na yi booking, Asabar da rana, kai ma akwai kujeran ka.” Na nemi uzuri na rasa.

Mun cika sahu biyu a sinima. Mutanen zango sun zo da matansu, an ci ado kamar za a ɗaurin aure, matar Baba ta ƙunso ƙosai a jaka ana miƙawa a ɓoye. Yarinyar tana kusa da ubanta, ni na zauna can ƙarshen sahu. Fim ɗin yana da ban dariya, ba zan yi masa ƙarya ba. Jarumi ya faɗa ta tagar wani gidan wanka, mugu ya yi ta shinshina buhunan shayi yana kuka don daɗi, yara suna ta tsalle a kujera. Da aka nuno kasuwa mutanenmu suka fara nuna rumfunansu da yatsa. Tsohuwa ta sa hannu, mota ta tashi, sai ga fuskata ta cika bango, baki buɗe kamar an taka mini ƙafa. A daidai lokacin aka sa ƙarar ƙaho da kiɗa, suka danne rabin maganar. “Jama'a” ta fito, “mota” ta fito. Kalmar da na tsaya a kanta, ko ni da na faɗe ta ban ji ta ba. A bayana ana ganin kafaɗar Baba da rabin hularsa da kwali.

Sahunmu ya yi tsit, sauran ɗakin na dariya. Na ji yarinyar ta tambayi ubanta da Turanci shi yana ina. Ya ɗaga hannu zai nuna mata, kafin nan an wuce wurin.

A waje wani abokinsa mai gyaran takalma ya tare shi ya ce ai ya ce shi ne zai yi magana, yaya aka yi Malam ya fito. Na tsaya ina jiran ya tona ni, kuma da ya yi da na ji sauƙi. Sai ya yi 'yar dariya ya ce, “Hausa na bai yi kyau ba. Malam ya taimaka ya gyara.” Yarinyar tana tsaye a gefensa tana ji. Matarsa ta ce in biyo su gida a ci abinci, na ce ina da jarrabawa.

Da na sani ƙeya ce, in ji Hausawa. Na shirya ban haƙuri ya fi a ƙirga, a bas, a ɗakin karatu, har na rubuta a takarda na yage. Bayan wata biyu na daure na je rumfar. Yana ganina ya miƙe da fara'a, ya ba ni hannu, ya gaishe ni da Turanci. Na amsa da Hausa, ya ci gaba da Turanci. Ya tambayi karatu, ya zaɓar mini doya mai kyau, ya ƙara mini kifi kyauta kamar yadda ya saba, duk da Turancin nan nasa na kasuwa. Ba fushi a fuskarsa ko kaɗan. Kunyata yake ji, shi da ya isa ya haife ni, kada ya yi kuskure a gaban Malam. Ban ba shi haƙurin ba, na karɓi ledata na tafi. Na koma sau biyu ko uku, haka aka yi, daga nan na sami wani shago kusa da ni na daina zuwa.

Na gama karatu, na sami aikin fassara, na yi aure, na zauna a arewacin birnin. Na ji labarin hukumar unguwa ta ba su gida a Dagenham, ya bar rumfar saboda ciwon ƙafa. Kullum ina cewa zan je. Wajen ƙarshen shekarun 1990 aka bugo mini aka ce Allah ya yi masa rasuwa.

Na je ta'aziyya ranar uku. Matarsa ta ce, “Malam, ka ɓata,” ta sa aka zubo mini abinci. Ina shirin tafiya sai wata budurwa ta biyo ni ƙofa, ban gane ta ba sai da ta yi murmushi irin nasa. 'Yar autar ce, tana karatun aikin jinya. Ta ce mini da Turanci ta daɗe tana son ganina. Ta ce tun bayan fim ɗin nan babansu ya daina yi musu Hausa a gida, ya bar ta tsakaninsa da mahaifiyarsu kawai. Da ta girma ta dawo tana roƙonsa ya koya mata, sai ya ƙi. Ya ce tasa ta kasuwa ce, kada ya ɓata mata baki, ta bari wata rana ta je wurin Malam ya koya mata ta gaskiya. Yanzu ga shi ya tafi, Hausar da take ji da ƙuruciya ma ta zube, kuma tana son ta je Kumasi ta gaida danginsa da harshensu.

Ban gaya mata abin da na yi wa babanta ba. Na ce ta zo. Kusan shekara guda tana zuwa gidana duk Lahadi da littafinta, matata tana ba ta shayi. Kanta yana ja, kuma na koya mata da duk ƙarfina, don na ɗauka ta nan zan rage nauyin da ke kaina. Kafin ta tafi tana gaisuwa da hira tiryan-tiryan, in ka rufe ido ka ce 'yar cikin birnin Kano ce.

Da ta dawo daga Kumasi ta bugo mini, da Hausa. Ta ce an karɓe ta hannu biyu, an yi ta kuka. Ta ce an kai ta wurin gwaggonta, ƙanwar Baba, tsohuwa ce idonta ya mutu, da murya take gane mutane. Ta durƙusa ta gaishe ta, ta yi mata ta'aziyya, ta ba ta labarin Landan. Tsohuwar ta saurara har ta gama, sannan ta juya wajen mutanen ɗakin ta ce, “Wannan yarinya Hausan shi ya yi kyau, kamar rediyo. Amma ni ban ji ɗan'uwa na a ciki ba.”

Sai 'yar Baba ta ce mini, “Malam, me na faɗa ba daidai ba?”

Na ce mata babu, ko harafi ɗaya ba ta kuskure ba, ai ni na koya mata.